Shin Ko Kun San? Rahoton Yanayi Na Iya Faɗin Rawar Taurari

Shin ko kun san cewa ƙiftawar da taurari ke yi da dare ba daga jikinsu take ba? Hasken tauraro kan shafe shekaru yana tafe a miƙe, sai ya shigo iskar duniyarmu sannan ya fara tangal-tangal. Iska mai ɗumi da mai sanyi ba sa lanƙwasa haske daidai wa daida, kuma kullum cikin cakuɗuwa suke. Sauyin zafi na digiri 1 yana canza ƙarfin lanƙwasar da kusan kashi ɗaya cikin miliyan ne kacal, amma idan hasken ya ratsa dubban dunƙulen iska, sai abin ya taru. Wannan ne dai ke sa a hango mota tana rawa a kan kwalta da tsakar ranar watan Afrilu. Zara kuwa ba ta cika ƙiftawa ba, domin duniya ce ta kusa, faifai ce ba ɗigo ba, rawar gefenta guda na shafe ta ɗaya gefen.

Shin ko kun san wannan hargitsi yana da ma'auni? Masana na rubuta shi da alamar Cn², sun kuma gina lissafinsa a kan aikin Andrey Kolmogorov na Rasha na 1941. Na'urar da ke auna shi kai tsaye, wato sintilomita, gida biyu ce: ɗaya na harba haske, ɗaya na karɓa daga nisan ɗaruruwan mitoci ko 'yan kilomitoci. Tana da tsada, tana son kulawa, kuma wurare kaɗan ne ke da ita.

To ga abin da ya fi burge ni. Ma'aunin zafi, ma'aunin danshi da na gudun iska, irin waɗanda ke kowace tashar yanayi da kowane filin jirgin sama, sun isa a yi kirdadon Cn² da su. Sirrin yana cikin bambancin zafin ƙasa da na iskar da ke bisanta. Rana na dafa ƙasa, ƙasa na ɗumama iskar da ke manne da ita, ita kuma ta taso ta kutsa cikin mai sanyi. Gudun iska shi ke nuna yadda za a dama su. A 1954 wasu Rashawa biyu, Monin da Obukhov, suka fitar da ƙa'idar da ta haɗa waɗannan abubuwa. Da ita, idan an auna zafi a tsayi biyu, misali mita 2 da mita 10, aka haɗa da gudun iska, ana iya lissafa yawan zafin da ke tashi daga ƙasa, daga nan kuma a samo ƙarfin rawar haske.

Shin ko kun san sau biyu a yini iskar ƙasa-ƙasa kan natsu? Jim kaɗan bayan fitowar rana, da kuma gab da faɗuwarta, zafin ƙasa da na iska kan zo daidai. A lokacin Cn² kan faɗi ƙasa da na tsakar rana sau ɗari, wani sa'in har sau dubu. Masu safiyo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa ba sa son karanta sandar awo daga nesa da rana tsaka. Da dare kuma hargitsin ya dawo ta bayan gida, domin yanzu ƙasa ce ta fi iska sanyi.

A 1992 Sadot da Kopeika na Jami'ar Ben-Gurion da ke hamadar Negeb a Isra'ila suka sauƙaƙa abin ƙwarai. Zafi, danshi, gudun iska, sai lokaci: suka raba tsakanin fitowar rana da faɗuwarta gida 12, kowane gida da nauyinsa a lissafi. A 2016 kuma Wang da Basu suka koya wa kwamfuta yin wannan kirdado da bayanan yanayi na dutsen Mauna Loa a Hawayi.

Sai dai a yi hattara, kuma a ganina nan ne aikin yake. Lissafin da aka gwada a wuri ɗaya ba lallai ya yi daidai a wani ba. Na Negeb an tsara shi ne a zafin da bai wuce digiri 35 ba, alhali Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a bazara. Yashi, ciyawa da ruwa ma kowanne da yadda yake riƙe zafi. Dole a fara auna na gaskiya a wurin na wani lokaci, a gyara lissafin, sannan a dogara da shi. Kada kuma a haɗa wannan da hazon hunturu: ƙura dusashe haske take yi, girgiza shi kuwa aikin bambancin zafi ne.

Su wa ke buƙatar wannan? Na farko masu nazarin taurari. Shin ko kun san madubin hangen nesa mai faɗin mita 8.2 da ke dutsen Paranal a ƙasar Chile, in ba a gyara masa ba, ba zai fi mai faɗin santimita 10 zuwa 20 fitar da hoto tsaf ba? Horace Babcock ne ya kawo dabarar gyaran a 1953: madubi mai lanƙwasa kansa, wanda a yau ke sauya siffa sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda. Hasashen hargitsi ke taimaka wa ma'aikatan wurin su zaɓi aikin da ya dace da kowane dare.

Na biyu masu aika saƙo da hasken leza. A Disamban 2021 hukumar NASA ta harba na'urar gwajin irin wannan sadarwa, wadda ke magana da tashoshi biyu a ƙasa, ɗaya a Kalifoniya ɗaya a dutsen Haleakala na Hawayi, kuma dukansu an sa musu madubin nan mai gyara rawar iska.