Yawon Shaƙatawa A Gandun Daji Da Dausayi: Abin Da Ya Kamata Mai Jari A Ƙasar Katagum Ya Sani

AZARE — A duk lokacin da aka yi maganar yawon buɗe ido a Jihar Bauci, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne gandun namun daji na Yankari. Wannan kuwa ba abin mamaki ba ne, domin babu wani wurin shaƙatawa a Arewa da sunansa ya kai nasa. To amma ɗan kasuwar da ke zaune a Azare, wanda tafiya daga garinsa zuwa birnin Bauci kaɗai ta kai kimanin kilomita 200, yana da dalilin tambaya: ina rabonsa a cikin wannan harka? Amsar ita ce, rabon ƙasar Katagum ba a wajen giwa da ɓauna yake ba. A wajen ruwa yake, wato kogin Jama'are da fadamun da yake shayarwa, kuma wanda bai fahimci halin wannan ruwa ba, zai yi wuya jarinsa ya dawo.

DARASIN YANKARI

An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga jama'a ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa murabba'in kilomita 2,244 ne, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, sa'an nan a 2006 ya koma hannun gwamnatin jiha. A cikinsa ne ake samun ɗaya daga cikin manyan garakan giwaye da suka rage a Nijeriya, ga ɓauna, gwanki, gwambaza, dorina da tsuntsaye fiye da iri 350. Maɓuɓɓugar Wikki kuwa ruwanta ba ya sauka daga ɗumin kimanin digiri 31 a ma'aunin santigireti, rani da damina.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, kuɗin da baƙo ke biya a ƙofar shiga shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai kashe. Mafi yawan kuɗinsa a mota, ɗakin kwana, abinci da tsaraba suke tafiya. Haka kuma baƙi ba su zuwa daidai wa daida a duk shekara. Sun fi yawa daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin kogin Gaji don shan ruwa. Waɗannan abubuwa biyu, wato inda kuɗin yake zuba da lokacin da yake zuba, su ne ma'aunin kowane wurin shaƙatawa.

Kusa da hanyar Bauci zuwa Ningi akwai gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, wanda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, aka zuba masa raƙuman dawa, jakunan dawa da wasu dabbobi da aka kawo daga ƙasar Namibiya. A Kafin Madaki da ke maƙwabtaka da shi akwai Gidan Madaki, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda aka sanya cikin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Duk waɗannan suna kudu da ƙasar Katagum. Abin da ke kusa da Azare wani iri ne dabam.

ARZIKIN DA KE BAKIN KOGI

Kogin Jama'are, wanda ake kira Bunga a can samansa, daga tsaunukan Jos yake tasowa. Yakan ratsa Jama'are, ya wuce ta tsohon garin Katagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki, sa'an nan ya bazu cikin fadamu tare da kogin Haɗeja, kafin su haɗu su zama kogin Yobe wajen Gashuwa. Wannan shimfiɗa ta tafkuna, rafuka da kurmin goriba ita ake kira dausayin Haɗeja da Nguru. Mafi yawanta a Jihohin Jigawa da Yobe take, amma gefenta na kudu ya taɓo arewacin Jihar Bauci.

Darajar dausayin a idon duniya tsuntsaye ne. Ban da na gida irin su dinya, kirinjijiya, zalɓe da balbela, akwai agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsayen bakin tafki da ke baro Turai idan sanyi ya kama, su ƙetare Hamadar Sahara, su sauka nan daga wajen Oktoba, su zauna har zuwa Maris. An ƙidaya fiye da iri 370 a yankin. Ƙidayar da aka riƙa yi a watan Janairu ta nuna tsuntsayen ruwa sama da 200,000 a kowace shekara daga 1995 zuwa 1997, kuma a 1997 adadin ya haura 320,000. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci tafkin Dagona kusa da Gashuwa a 1989. Dagona yana cikin gandun daji na ƙasa na Tafkin Cadi da aka kafa a 1991.

Akwai wata yarjejeniya ta kare dausayi da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerinta, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara da Dagona, da Baturiya a Jihar Jigawa, da kuma tafkin Maladumba a Ƙaramar Hukumar Misau, mai faɗin hekta 1,860. Maladumba shi ne mafi kusa da Azare, ana iya zuwa a dawo a yini guda. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja.

Ga mai son haɗa shaƙatawa da tarihi, duwatsun Shira suna kudu maso yamma da Azare, inda zane-zanen mutanen dā a jikin dutse suke cikin kayan tarihi na ƙasa. Tsohon Katagum kuwa, wanda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19, shi ne mazaunin sarauta kafin a dawo da ita Azare a 1916. Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a can a Janairun 1824, ya kuma rubuta cewa tun da ya baro Barno, a nan ya fara ganin ana ciniki da kuɗin wuri. Abokin tafiyarsa, Dakta Walter Oudney, a Murmur ya rasu, kusa da garin.

WANE NE BAƘON?

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a gina harka ana jiran Bature. Tun daga rikicin da ya ɓarke a Arewa maso Gabas a 2009, ƙasashe kamar Ingila da Amurka suke gargaɗin mutanensu game da zuwa sassan yankin, kuma hare-haren bam da aka kai Azare a 2014 sun bar tabo a zukatan matafiya. Baƙon waje zai iya dawowa, amma ba a kansa za a ɗora lissafi ba.

Kasuwar da ke hannu ta gida ce. Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri. Tana da babban asibiti na Gwamnatin Tarayya, da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga jami'ar jiha a Gadau. Ma'aikata da ɗalibai na waɗannan wurare, da makarantun sakandare masu neman inda za su kai yara ziyarar ilimi, da iyalan da ke dawowa gida hutun Sallah don kallon hawa, duk mutane ne masu bukatar wurin fita, ba su kuwa da shi sai kaɗan. Wannan baƙo ba ya neman ƙawa. Abin da yake nema shi ne mota mai lafiya, inuwa, wurin alwala da salla, ban ɗaki mai tsabta da aka raba na maza da na mata, abinci mai kyau, da tabbacin zai koma gida lafiya.

INDA JARI ZAI SHIGA

Na farko shi ne sufuri da shirya tafiya. Mai motar haya da zai tsara fita ta yini guda zuwa Maladumba ko Shira, ko ta kwana biyu zuwa Sumu da Yankari, a kan kuɗi guda da ya ƙunshi mota, abinci da shiga, ba ya bukatar gina komai. Wannan ita ce hanya mafi ƙarancin haɗari ta gwada kasuwa.

Na biyu shi ne kwale-kwale da jagora. Masunta da mafarauta na ƙauyukan bakin ruwa sun fi kowa sanin inda tsuntsu ke kwana da inda ruwa ke da zurfi. Idan aka ba su horo kaɗan, da rigunan kariya daga nitsewa, da tabaron hangen nesa, sun zama jagorori. Kada a ɗauki baƙo ko ɗaya a jirgi ba tare da rigar kariya ba, domin haɗari guda ya isa ya kashe harkar shekaru.

Na uku shi ne abinci da tsaraba: bandar kifi, kilishi, fura da nono, da tabarmi da faya-fayen kaba. Na huɗu shi ne masauki, kuma a nan ne ake bukatar taka tsantsan. Lokacin tsuntsaye da na namun daji duka bai wuce wata biyar ko shida ba. Da damina hanyoyin fadama sukan yanke, har babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ambaliya ta yanke ta a yankin Azare a watan Agustan 2024. Saboda haka masaukin da aka gina a bakin tafki zai yi rabin shekara a rufe, alhali na cikin Azare zai ci daga masu zuwa asibiti, jami'a da kasuwa a sauran watanni. Hikima ita ce a ajiye ginin a gari, a yi rumfuna masu sauƙin kuɗi a bakin ruwa.

Kafin a kafa ko da rumfa ce, sai a san mai wurin. Dagona a hannun hukumar gandayen daji ta ƙasa yake, Yankari da Sumu kuwa na gwamnatin jiha ne, sa'an nan a ko'ina sai an bi ta hannun hakimi da dagaci. Dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta hana cinikin hauren giwa da makamantansa. Haka nan wajibi ne a gargaɗi baƙi kada su yi wanka a ruwan tafki, saboda tsargiya.

BABBAR MAGANA ITA CE RUWA

Duk wannan lissafi a kan abu guda ya rataya. A ƙarshen shekarun 1960, ambaliyar damina takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na dausayin. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, da gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 a ɓangaren kogin Haɗeja, abin ya sauka ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990. Canjin tafiyar ruwan ya kuma ba ciyawar kacalla damar mamaye rafuka, ta toshe hanyar jirgi, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi.

Kogin Jama'are shi ne wanda ya rage babu babbar madatsa a kansa, kuma ambaliyarsa ce ke riƙe da babban ɓangare na dausayin. An daɗe ana shirin datse shi a Kafin Zaki. An ba da kwangilar a zamanin Shugaba Shehu Shagari, aka soke ta a 1984, aka farfaɗo da ita a 1992, aka sake dakatarwa a 1994, har yau kuma ba a gina ba. Masu goyon baya suna duban noman rani da ayyukan yi a Jihar Bauci. Jama'ar Yobe da Barno kuwa suna tsoron ƙafewar kogin da suke rayuwa da shi. Wani bincike da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan da aka bari ya malala fadama, ta hanyar noma, kamun kifi da itace, ya ninka sau da yawa abin da ruwa daidai da shi ke bayarwa a aikin ban ruwa na kogin Kano. Ko ta wane gefe mutum ya tsaya, mai niyyar zuba kuɗi a bakin wannan kogi dole ne ya sa ido a kan maganar, domin ranar da ambaliya ta daina zuwa, tsuntsu ma zai daina.

Akwai kuma mutanen wurin. Manomin da giwa ta ci masa gona, ko masuncin da aka hana shi tafki, ba zai kare dajin da ba ya ba shi komai ba. Ƙasar Ruwanda ta gane haka: tun 2005 take ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin gandayen dajinta ga ƙauyukan da ke kewaye, a 2017 ta ɗaga zuwa kashi 10. Ɗan kasuwa ba sai ya jira doka ba. Ya ɗauki jagora daga ƙauyen, ya sayi kifi da nono a nan, ya sa mai gari cikin shawara. Wannan shi ne tsaro mafi araha da zai samu.

A taƙaice, ƙasar Katagum ba za ta yi gasa da Yankari wajen namun daji ba, ba ta kuma bukatar yi. Tana da hanya, tana da jama'a masu neman wurin fita, tana da kogi. Wanda zai shiga harkar ya fara da kaɗan a cikin hunturu, ya gwada da baƙon gida, ya riƙe amanar mutanen bakin ruwa, sa'an nan ya faɗaɗa gwargwadon abin da kasuwa ta nuna masa.