Kilo Ɗayan da Ya Hana Ele Opeloge Hawa Dandamali

Ranar 16 ga Agusta 2008, a gasar Olamfik ta birnin Beijin, mata 'yan ajin nauyi mafi girma suka fito ɗaga ƙarfe. Jang Mi-ran ta Koriya ta Kudu ta yi wa kowa fintinkau da kilo 326. Olha Korobka ta Yukiren ta zo ta biyu, Mariya Grabovetskaya ta Kazakistan ta uku da kilo 270. Ele Opeloge ta Samowa ta tsaya a 269. Kilo ɗaya tak ya hana ta lambar yabo. Ta biyar kuwa maƙwabciyarmu ce, Maryam Usman ta Najeriya, da kilo 265.

Ɗagawa iri biyu ake yi a wannan wasa. A ta farko, ana fizgo ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kai a numfashi guda. A ta biyu, sai an fara aza shi bisa kafaɗa, a miƙe tsaye, sannan a cilla shi sama, hannuwa a miƙe har alƙalai su gamsu. Kowace ana gwada ta sau uku, a ɗauki mafi nauyi daga kowane ɓangare a haɗa. Ele ta ɗaga 113 a ta farko, 156 a ta biyu. Mu nan Kornaka ta Nijar da buhu muke lissafi: kilo 156 babban buhun hatsi ɗaya da rabi ke nan, har da ɗoriya, mace guda ta ɗaga sama da kanta. Wanda ya taɓa ganin ƙarti biyu suna nishi wajen loda buhu ɗaya a amalanke ranar kasuwa ya san abin da nake faɗi.

Samowa tsibirai ce a tekun Fasifik, mutanenta wajen dubu 200, kuma ba ta taɓa samun lambar Olamfik ba kafin nan. Gidan su Ele gidan ƙarfe ne. A gasar ƙasashe renon Ingila ta 2010 a Delhi, ita ta ci zinariya da kilo 285, ɗan'uwanta Niusila ma ya ci zinariya. A can Maryam Usman ce ta biyo bayan Ele. Da suka sake gamuwa a Glasgow a 2014, sai reshe ya juye da mujiya: Maryam ta ci zinariya da kilo 280, Ele ta koma ta biyu, ƙanwarta Mary ma ta ɗauki azurfa a nata ajin.

Ashe maganar Beijin ba ta mutu ba. Kwamitin Olamfik yana adana fitsarin da aka karɓa daga 'yan wasa, don a sake aunawa idan na'urori sun ƙara kaifi. A 2016 aka sake auna na 2008, aka tarar da ƙwayoyin ƙara ƙarfi a jikin Korobka da Grabovetskaya. Aka ƙwace lambobinsu. Ele ta hau matsayi na biyu, Maryam na uku.

An ce gaskiya ta yi halinta, ni kam ban cika yarda ba. Ina tuna yadda muka kasa kunne ga rediyo a 2016, da Abdoul Razak Alfaga ya samo wa Nijar azurfa a takwando a Riyo, ta farko tun tagullar damben Issaka Daboré a 1972. A take ƙasa ta ɗauka, yara suka san sunansa, Yamai ta fito tarbarsa. Wannan ɗumin shi ne ke jawo kyauta, da masu ɗaukar nauyi, da 'yan baya masu son koyi. Shi aka sace wa Ele da Maryam tun suna ganiyarsu, kuma babu kwamitin da ke iya mayar musu da shi.

Abin ya fi ciwo ga mace, don da wuya ake barinta ta shiga irin wannan wasa tun farko. A ƙauyukanmu na Dakoro, yarinyar da ke jan wasaki daga rijiya mai zurfi, ta yi dakan safe, ta ɗauko jarka a ka, tana da ƙarfin. Mai horarwa da ƙarfen gwaji ne babu, yardar iyaye kuma sai a hankali.

Lambar Ele ta isa hannunta a Apia, babban birnin ƙasarsu, a 2017, kusan shekara tara bayan ta ɗaga kilo 269 ɗin.