Kwantan Jari a Jiragen Ruwa Masu Dakon Mai

Abin da masana tattalin arziki ke kira kadara mai kwantai shi ne dukiyar da darajarta ta faɗi tun ba ta mayar da kuɗin da aka zuba mata ba. Jirgin ruwa kuwa yana cikin kadarorin da wannan ya fi yi wa barazana, gama akan ƙera shi ne don ya yi aikin shekara 25 ko 30, galibi kuma da rancen banki, jirgin kansa shi ne jingina.

Fiye da sulusin nauyin kayan da ake ɗauka ta teku kwal ne da man fetur da iskar gas. To, tun da aka ƙulla yarjejeniyar Faris a 2015 ƙasashe suka ɗauki alkawarin rage ƙona waɗannan abubuwa. A 2023 kuma hukumar sufurin teku ta duniya, watau IMO, ta ƙudura cewa hayaƙin da jirage ke ƙara wa sararin sama ya ƙare wajen 2050. Ke nan haɗarin biyu ne: man da jirgi ke sha, da kayan da yake ɗauka. A ganina na biyun ya fi tsanani. Inji ana iya sāke shi, ko da tsada. Amma jirgin gas, wanda aka gina tankunansa don riƙe gas mai sanyin digiri 162 ƙasa da sifiri, da wuya ya koma dakon hatsi. Irinsa ne ke lodi a Bonny tun 1999, saboda haka zancen bai bar Nijeriya a baya ba.

An taɓa ganin makamancin wannan. Da aka rufe mashigin Suwez a 1967, sai mai ya riƙa zagayawa ta kudancin Afirka, attajirai suka yi rububin sayen manyan tankoki. Farashin mai ya tashi a 1973, ciniki ya ja baya, aka buɗe mashigin a 1975. Sai ga sababbin jirage jere a lungunan tekun Norwe ba aiki, har babban attajirin nan Hilmar Reksten ya karye, gwamnatin ƙasar ta shiga lamunin basussuka. Sai dai wancan kwantai na wani lokaci ne, kasuwa ta komo daga baya. Wanda ake tsoro yanzu, in ya zo, ba a sa ran komowarta.

Wannan ne ya sa a 2019 waɗansu manyan bankuna suka kafa ƙa'idodin Poseidon, suna auna hayaƙin jiragen da suka ba rance. Mai karatu ya lura, ƙa'idodin hayaƙin inji suke aunawa, ba su taɓa zancen kayan da ke cikin jirgin ba.