Lobsta ta Turai: Yadda Kare Uwa Yake Raya Sana'ar Su

Lobsta wata halitta ce ta cikin teku, 'yar uwar ƙaguwa da jatan lande, sai dai ta fi su girma. Irin da ake samu a Turai, wanda masana suke kira Homarus gammarus, yana zaune ne a gabashin Tekun Atlantika, tun daga arewacin Norwe har zuwa Maroko, da kuma cikin Bahar Rum. Launinta shuɗi ne mai duhu, sai an dafa ta take komawa ja. Tana da manyan hannaye biyu masu kama da awartaki, ɗaya na murƙushe abinci, ɗaya na yanka shi. Saboda tsadar namanta, masunta sun daɗe suna kama ta da wani tarko mai siffar keji, wanda ake sa wa guntun kifi a jefa ƙarƙashin ruwa.

Jikin lobsta a lulluɓe yake da ɓawo mai tauri wanda ba ya buɗewa. Don haka ba ta iya girma sai ta yi saɓa kamar maciji, ta fito da sabon ɓawo. Wannan ya sa girmanta yake da jinkiri, domin takan yi shekara 5 zuwa 7 kafin ta isa kamu. Idan ta yi ƙwai, macen takan manna su a ƙarƙashin jelarta, ta yi ta yawo da su wata 9 ko fiye. 'Ya'yan da aka ƙyanƙyashe sukan yi 'yan makonni suna yawo a saman ruwa, inda kifaye suke cinye mafi yawansu, kafin ragowar su sauka ƙasa su ɓuya. Daga dubban ƙwai, ƙalilan ne suke kai ga balaga.

A nan ne muhimmancin babbar mace yake. Yawan ƙwai yana tafiya ne da girman jiki: wadda ta fara haihuwa takan yi 'yan dubbai, amma tsohuwa mai jiki takan yi fiye da 20,000. To, ita kuma wannan babbar ce ta fi kuɗi a kasuwa. Idan aka kwashe irinta, an yi abin da manomi ba ya yi, wato cinye irin shuka. Haka ta faru a Norwe, inda a shekarun 1930 ake kama kimanin tan 1,000 a shekara, amma bayan shekarun 1960 kamun ya faɗi ƙasa da tan 100.

Dokokin da aka kafa sun bi wannan ilimi ne. Na farko, a ruwan Atlantika na Tarayyar Turai ba a yarda a fito da lobstar da ɓawon bayanta bai kai milimita 87 ba, don ta sami damar haihuwa. Na biyu, an hana kama mace mai ɗauke da ƙwai. Norwe ta yi haka a 2008, Ingila kuwa a 2017. Na uku, masuntan Ailan sukan yi wa mace 'yar tsaga mai siffar harafin V a jela, su mayar da ita ruwa. Haramun ne a sayar da ita har sai tsagar ta shafe bayan saɓa da dama, kafin nan kuwa ta sake haihuwa.

Akwai kuma keɓe wuraren da ba a kafa tarko ko kaɗan. An yi haka a gefen tsibirin Lundy na Ingila a 2003, da gaɓar Skagerrak ta Norwe a 2006. Cikin 'yan shekaru masana suka tarar lobsta ta ƙaru a wuraren, ta kuma ƙara girma fiye da ta maƙwabtan ruwaye. A 2017 Norwe ta hana kama wadda ta wuce santimita 32 a wannan gaɓa, don manya su tsira.

Duk waɗannan matakai suna neman masunci ya mayar da abin da ya riga ya shiga hannunsa, kuma ba zai ga ribar haƙurinsa ba sai bayan shekaru. Shi ya sa dokar takan yi aiki ne a inda masunta suka fahimci dalilinta, suka kuma sa hannu wajen tsaron ta.