Yana Rubuce a Kod, Amma Chrome Ya Ce Babu Shi

Mai rubuta manhaja da JavaScript ya tsayar da shirinsa a tsakiyar aiki cikin Chrome, ya buɗe konsol, ya buga sunan wani bariyabul da yake kallo da idonsa a saman shafin. Sai amsa ta dawo: ReferenceError, wai ba a san mai wannan suna ba. Sabon shiga yakan ɓata rabin yini yana neman kuskuren da bai yi ba.

Tushen maganar shi ne kuloja, dabarar da Peter Landin ya bayyana a 1964. Idan an rubuta fankishin a cikin wani fankishin, na cikin yana da ikon taɓa bariyabul na wanda ya haife shi, ko da na wajen ya gama aikinsa ya tafi.

Sai dai V8, injin da Google ya fitar tare da Chrome a 2008, ba ya riƙe komai da komai. Tun yana karanta kod yake duba waɗanne sunaye fankishin na ciki suka ambata. Waɗannan yake adanawa, sauran kuma su tafi da na waje, kamar matafiyin da ya ɗaure guzurin da ya san zai buƙata kaɗai. Hikima ce ta tsimin ma'ajiya, kuma tana da amfani ƙwarai a kan wayar da ba ta da ƙarfi. Amma abin da aka buga a konsol, yayin da shirin ke tsaye cikin fankishin na ciki, yana zuwa ne bayan an gama wannan zaɓe, don haka ba a yi lissafi da shi ba. Firefox ya fi kyautatawa a nan, domin yakan faɗa ƙarara cewa an cire bariyabul ɗin ne.

Maganin ba wuya: a ambaci sunan sau ɗaya a cikin fankishin na ciki, a sake loda shafin. Sanya eval, mai gudanar da rubutu a matsayin kod, a wurin ma yana tilasta wa injin ya riƙe duka, tunda bai san me za a nema ba.

Masu Python sun sha irin wannan a pdb, kayan binciken kuskuren kod na Python, inda gajeren layin gina jeri yakan kasa ganin bariyabul na cikin fankishin, ya jefo NameError. Umarnin interact ne ya daɗe yana fitar da su daga wannan matsala, har Python 3.12 ta fito a Oktoban 2023, ta daina ware wa irin wannan layi fankishin na kansa.