Gandun Dajin Gashaka-Gumti: Yadda Tsari Ke Jagorar Gini da Noma

Duk wanda ya bi hanyar Mambila ya wuce ta garin Serti a Jihar Taraba, zai ga hedkwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti. Shi ne mafi girma cikin gandayen daji na ƙasa a Nijeriya. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa har cikin Jihar Adamawa, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan.

Tun 1972 aka keɓe dajin domin kare namun daji, sai a 1991 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa. Amma kafin wannan duka akwai mutane a ciki. Fulani makiyaya sun daɗe suna kiwo a kan tsaunuka irin su Chappal Hendu, manoma kuma suna zaune a wurare kamar Gumti da Filinga. Hukuma ba ta tashe su ba. An shata musu yankuna aka ce su ci gaba da zama, da noma, da kiwo a cikin iyakarsu. To, 'yan'uwa, a nan ne aikin tsari yake.

Dokar soja mai lamba 46 ta 1999 ta ɗora wa Hukumar Gandayen Daji ta Ƙasa nauyin shirya wa kowane gandu tsarin tafiyar da shi. Wannan tsari ne ke nuna inda ba a taɓawa sam, da inda baƙi za su sauka, da inda jama'a za su yi sana'arsu. A cikin dajin da aka keɓe, dokar ta hana farauta, da saran itace, da sa wuta, da shigar da dabbobi, da kafa gini, sai da izini. Babban aiki kuwa, irin hanyar mota ko haƙar ma'adinai, dokar 86 ta 1992 ta ce sai an fara binciken illar da zai yi wa muhalli.

Wani zai ce, ashe biri da ɓauna sun fi ɗan Adam daraja ke nan? Ba haka ba ne. Koguna irin su Kam da Gashaka daga waɗannan tsaunuka suke tasowa, su zuba cikin Kogin Taraba, shi kuma ya faɗa Binuwai. In aka sare itatuwan gangare, ruwan sama zai kwashe ƙasa, rafi ya ƙafe da rani, ya yi ambaliya da damina. Masunci da mai noman fadama da ke can nesa su ne za su ɗanɗana kuɗarsu. Mun ga yadda 'yan katako suka yi wa itacen maɗobiya wawa a Taraba bayan 2010, domin kasuwar Sin.

Sai dai tsarin yana da nauyi a kan mazauna ciki. Iyali na ƙaruwa, garke na ƙaruwa, amma iyakar gona tana nan inda take. Mai ciki da naƙuda ta kama a kan tsauni tana bukatar hanya da asibiti, yara kuma suna bukatar makaranta. Tsarin da ya manta da waɗannan, a takarda zai tsaya. Shi ya sa yarjejeniyar da hukumar ta ƙulla da gidauniyar Africa Nature Investors a 2017 ta haɗa ɗaukar matasan yankin aikin gadi da tallafa wa sana'o'in ƙauyuka.

Saboda haka, jama'ar da ke shirin gina makaranta, ɗakin shan magani ko wurin sujada a waɗannan yankuna, su fara sanin iyakarsu. Su tafi tare da mai unguwa wurin jami'an gandun kafin a haƙa harsashi. In kuma an kira taron tsari, a je, a faɗi bukata a fili, maza da mata. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.