Jarabar Abinci da Matsayinta a Maganin Ƙiba

Shawarar da aka fi ba mai ƙiba ita ce ya rage ci, ya ƙara motsa jiki. Shawara ce mai kyau, amma akwai waɗanda ba ta wadatar da su, domin ba yunwa ke sa su ci ba, jaraba ce.

Mu fara da yadda take samuwa. Idan mutum ya ci abu mai daɗi, ƙwaƙwalwarsa kan saki sinadarin dofamin, wanda ke sa shi son ya maimaita. Abincin da masana'antu ke sarrafawa, kamar lemon kwalba, biskit da cakulan, cike yake da sukari ko maiƙo ko gishiri, ga shi da saurin wucewa a maƙogwaro. A shekarar 2019, wani mai bincike, Kevin Hall, ya yi gwaji da mutum 20 a Amurka. Cikin makonni biyun da aka ba su irin wannan abinci, sun riƙa cin ƙarin kalori kusan 500 kowace rana, ba tare da wani ya sa su ba.

Sai yadda ake gane ta. A 2009, Ashley Gearhardt da abokan aikinta a Jami'ar Yale suka tsara jerin tambayoyi bisa alamomin shaye-shaye. Shin mutum na ci fiye da yadda ya yi niyya? Ya sha ƙoƙarin bari ya kasa? Yana ci gaba alhali ya san yana cutuwa? Har yanzu kundin cututtukan ƙwaƙwalwa bai sanya jarabar abinci a matsayin cuta mai zaman kanta ba, kuma ba kowane mai ƙiba ne ke da ita ba. Shi ya sa tantancewa ce matakin farko.

Daga nan sai magani. Mai shan taba zai iya barinta gaba ɗaya, amma ba mai barin abinci. Don haka ake gano takamaiman abincin da ke fin ƙarfin mutum, a raba gidan da shi. A tsayar da lokutan cin abinci, domin horon yunwa kan ƙare da cin wuce kima. Masanin halayyar ɗan Adam ya taimaka masa ya gane abin da ke tunzura shi, ko damuwa ce, ko kaɗaici, ko rashin barci. Idan ƙibar ta yi tsanani, likita na iya ƙara allura irin ta Wegovy mai rage sha'awar ci, ko tiyatar rage ciki.

Iyali ma suna da nasu aikin. Gori da tsangwama kan tura mutum ya koma ci a ɓoye. A daina kiransa rago, a raka shi asibiti.